Me ya sa har yanzu Rolling Stones ke cika filin wasa?

Malam, ka tambaya yadda aka yi tsofaffi 'yan shekara tamanin da ɗoriya suke cika filin ƙwallo da 'yan kallo har yau. To, Rolling Stones dai, wato ƙungiyar nan ta mawaƙa da makaɗa, tun 1962 suka kafu a Landan, kuma a ganina ƙarfinsu a kan dandamali yake.

Nemi bidiyon babban mawaƙinsu Mick Jagger ka kalla. An haife shi a 1943, amma sai ka ga mutum siriri kamar karan dawa yana zarya daga wannan ƙarshen dandamali zuwa wancan, yana karkaɗa ƙugu, yana nuna jama'a da yatsa. A watan Afrilun 2019 aka yi masa aikin zuciya, kafin Yuni ya ƙare ya koma fage a Shikago. Shi kuwa Keith Richards yakan cire tsarkiya ɗaya daga jitarsa ya bar biyar, da ka ji bugun farko ka san shi ne.

Waƙoƙin kuma sun zama gado. Wanda ya ji Satisfaction a rediyo a 1965, yau jikansa ke riƙe masa hannu zuwa filin. A 2006 sun yi wasa kyauta a bakin tekun Copacabana na Brazil, jama'a suka haura miliyan ɗaya.

Gaskiya sababbin waƙoƙinsu ba su kamo ƙafar na da ba, har da kundin Hackney Diamonds na 2023. Kuma tun rasuwar makaɗinsu Charlie Watts a 2021, ni dai kunnena yana jin giɓi a kiɗan gangar.