Kawu, fim ɗin ne ya yi duhu ko faifaina ne?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan, kuma dukkansu a kan fim ɗaya suke magana, wato John Wick. Ban san wanda ya tono shi ya sake watsa shi a unguwanni ba, amma da alama faifansa ya kama yawo daga Agege har Idi-Araba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan canji ne a Agege. Abokan sana'ata sun cika min kunne da wani fim ɗin ramuwar gayya mai suna John Wick, na farkon. Na sayi faifai a hannun wani yaro cikin cunkoson motoci, mai fim 16 a ciki. Wallahi ban ga abin da suke yabo ba. Rabin fim ɗin duhu ne, ban san wa ke harbin wa ba, magana ba ta fita sai ƙarar bindiga ta nemi fasa min sifika. Ni ne ban iya kallo ba, ko zuzuta shi kawai ake yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka iya kallo sarai, sai dai har yanzu ba ka kalli fim ɗin ba tukuna. Abin da ka kalla ragowarsa ce bayan an matse shi kamar ƙuli-ƙuli.

Tun da kai mutumin lissafi ne, bari mu yi lissafi. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5. Kamfanin da ya yi fim yakan ba fim guda faifai guda, ya sake ya wala. Kai kuma an cusa maka 16 a waje ɗaya. Ko da a ce babban faifan aka samu, kowane fim bai wuce rabin gigabayit da 'yan kai ba. To ina sauran hoton ya tafi? An zubar da shi. Na'urar da ke matse bidiyo tana duba abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba ta yar, kuma abin da ta fi saurin yarwa shi ne bambancin da ke tsakanin baƙi da baƙi: baƙar kwat a gaban baƙin bango, inuwar mutum a bayan labule. Abu na biyu da ke ba ta wahala shi ne motsi mai sauri, da ruwan sama, da fitila mai walƙiya.

Ka ga kuwa wannan fim da waɗannan abubuwan aka gina shi. Jarumin baƙar kwat yake sawa. Faɗan farko a cikin gidansa da daddare aka yi. Faɗan da kowa ke magana a kai a gidan rawa aka yi shi, cikin jan haske da shuɗi da ke kunnuwa suna mutuwa. Na ƙarshe a bakin tashar jiragen ruwa cikin ruwan sama. Da fim ɗin barkwanci ne da aka ɗauka da tsakar rana a tsakar gida, da faifanka bai tona wa kansa asiri haka ba.

Ni ma na sha wannan ƙwaya. Lokacin da fim ɗin ya fita sinima a 2014, ba a yi mako uku ba wani maƙwabcina ya shigo da faifai yana murna. Muka tayar da janareta, muka baje a tabarma. Ana cikin harbi sai ga kan wani mutum ya gifta ta ƙasan hoton, ya tashi zai fita fitsari a wata sinima da ba mu san ƙasarta ba, ga tarin wata mata a bayan kyamara. Na yanke hukunci a daren nan cewa fim ɗin shirme ne. Sai bayan da faifan kamfani ya fito, a Fabrairun 2015 a Amurka, wani yaron gidanmu da ke sayar da kayan lantarki a kasuwar Alaba ya kunna min Blu-ray ɗinsa, wato faifan da ya fi DVD kyan hoto, a talabijin ɗin gwaji ta shagonsu. Na tsaya a tsaye har aka gama faɗan gidan rawan, kunya ta kama ni. Ashe ana ganin komai. Ana ganin sanda harsashi ya ƙare masa ya tsaya ya sake ɗurawa, ana ganin inda ya kama hannun mutum ya murɗe kafin ya kai shi ƙasa.

Wannan kuwa shi ne abin da abokanka suke yabo, ko da ba su iya faɗa maka ba. Mutanen da suka shirya fim ɗin, Chad Stahelski da David Leitch, asalinsu 'yan wasan kasada ne, waɗanda ake sawa su faɗo daga bene a madadin jarumi. Stahelski shi ne ya tsaya wa Keanu Reeves, jarumin wannan fim, a wuraren haɗari a The Matrix na 1999. Saboda sun san aikin daga ciki, sai suka ja kyamara baya suka bar ta ta daɗe, ka ga mutum daga kai har ƙafa yana faɗa. Yawancin finafinan faɗa na wancan lokaci girgiza kyamara suke yi suna yanka hoto gunduwa-gunduwa don a ɓoye cewa jarumin bai iya komai ba. Idan faifanka ya mayar da wannan aiki dunƙulen baƙin tabo, to an cire maka naman an bar ka da romo.

Batun sauti kuma, wannan ba laifin yaron titi ba ne kaɗai, ko faifan asali yana yi wa mutane haka. An haɗa sautin ne don sifiku shida: biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya a tsakiya, da mai gurnani ɗaya. Kusan duk maganar 'yan wasa a ta tsakiyar take. Kai kuma sifiku biyu gare ka a jikin talabijin. Idan na'urarka tana zaton shida ne, sai ta aika magana wurin da babu kowa. Shiga saitin sauti na na'urar DVD ɗinka, inda aka rubuta 5.1 ka mayar da shi sitiriyo. Idan ka ga wani abu da aka rubuta DRC, kunna shi, aikinsa ya danne ƙara ya ɗago magana. Hajiya ma za ta gode maka, ta daina firgita da tsakar dare.

Yadda nake auna faifai kafin in biya, tun zamanin da nake da ɗan shagon haya, bai canza ba. Ina sa a kunna min a wurin, in tsallaka kai tsaye zuwa wuri mafi duhu a fim ɗin, in tsayar da hoton. Idan bangon ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin banɗaki, na mayar. Sannan in danna maɓallin jerin abubuwa a rimot. Faifan kamfani yana da babi-babi, da zaɓin harshe, da ƙarin kaya. Blu-ray ɗin wannan fim yana da sharhin masu shirya shi su biyu suna magana a kan hoton, da gajerun bidiyo na yadda aka horar da 'yan wasa. A ra'ayina sharhin kaɗai ya isa dalilin sayen na asali ga yaran nan namu masu son shiga harkar fim.

Shawarata: in kana da na'urar Blu-ray da babbar talabijin, nemi Blu-ray ɗin, layin hotonsa 1080 ne, na DVD irin namu 576. In ba ka da ita, DVD na asali mai fim ɗaya ya wadatar, musamman a talabijin da ba ta wuce inci 32 ba. Shi kuma mai 16 ɗin nan, ba yara su yi tayar mota da shi.

TAMBAYA: Kawu, ƙanena ya aiko min da faifan daga Amurka, sabo dal a ledarsa, amma na'urata ta ƙi shi, sai wani rubutu take fitarwa. Cutarsa aka yi? Daga wani direban tirela, Apapa.

AMSA: Ba a cuce shi ba, Direba. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya suka sa wa faifai makulli. A DVD, Amurka shiyya ta 1 ce, Najeriya ta 5. A Blu-ray, Amurka A ce, mu da Turai B. Juya bayan kwalin, za ka ga ɗan hoton duniya da lamba ko harafi a ciki. Yawancin na'urorin DVD marasa tsada da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ruwansu da makulli, komai aka ba su ci suke yi. Masu tsadar, masu babban suna, su ne masu taurin kai. In DVD ne, gwada shi a ƙaramar na'urar maƙwabci. In Blu-ray ne kuma na'urarka ta B ce, gaya wa ƙanenka nan gaba ya sa wani a Ingila ya saya maka. Faifan 4K ba shi da makullin shiyya, amma na'urarsa daban ce, kuma ban ga dalilin da za ka kashe wannan kuɗi a kan fim ɗaya ba.

TAMBAYA: An rubuta minti 101 a intanet, nawa minti 97 ne. Me aka yanke? Kuma me ya sa baƙin layi ya cinye sama da ƙasan talabijin ɗina? Ɗalibi, Idi-Araba.

AMSA: Ba lallai an yanke komai ba, ɗana. Ana ɗaukar fim da hoto 24 a daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi kuma 25 yake nunawa. Fim ɗin sai ya ɗan ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100, minti huɗunka ke nan. Baƙin layin ma ba ciwo ba ne. Fim ɗin ya fi talabijin ɗinka faɗi ne. In ka danna zum don ya cika fuska, ka datse kusan kwata na faɗinsa, kuma a wannan fim ta gefe maƙiya ke shigowa.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Maigidana ya kawo wannan faifai ya kunna a falo, yara suna zaune. Na tashe su, ya ce na cika tsanani. Kuma ni abin da ya ɗaure min kai, a ce mutum ya karkashe bayin Allah haka saboda kare? Wane irin labari ne wannan? Uwar yara uku, Mile 12.

AMSA: Hajiya, a kan yaran kin fi shi gaskiya, kuma ki nuna masa wannan shafi. A Amurka ma da aka yi fim ɗin, alamar R aka ba shi, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Harbi ne a kai, kusa da kusa, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Mu ma muna da hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, kuma lambar da ake bugawa a jikin kwali ba ado ba ce. Matsalar faifan titi ita ce ba shi da lambar komai, hoton zane na yara da fim ɗin yanka suna kwana a faifai ɗaya.

Maganar kare kuwa, ni ma dariya na yi da aka fara ba ni labari. A wurinmu kare na gadi ne da farauta, ba a kai shi gado. Amma ki lura da yadda aka jera abin. Matarsa ce ta rasu bayan jinya, ita ce dalilin da ya sa ya tuba ya bar aikin kisa. Kafin ta cika ta shirya a kawo masa ɗan kwikwiyo bayan jana'izarta, don ya samu abin da zai kula da shi. Kwana kaɗan sai ɗan wani uban daba ɗan Rasha ya fasa masa gida don ya sace motarsa, Mustang ƙirar 1969, ya kashe kwikwiyon a banza. Ki sauya kwikwiyon da tunkiyar da mahaifiya ta bar wa mutum, ko zoben da ya rage daga hannun mata, za ki ji inda aka taɓa.

Wannan bai wanke shi ba, kuma ba na jin fim ɗin ya damu ya wanke shi. Mun san ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, mun kuma san a addininmu ba a ɗaukar ran wanda bai yi laifi ba, kuma hukuma ce ke yin ƙisasi. Masu gadin nan da aka zubar kamar ƙwari ba su san ma an yi kare ba. Fim ɗin ramuwa kullum wayonsa ɗaya ne: ya ɓata maka rai a minti 15 na farko, sannan ya ci bashin wannan fushin har ƙarshe.

Inda na yaba masa shi ne wurin da ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Yaron ya kai motar gareji a sauya mata lamba, mai garejin ya gane motar, ya kai masa naushi. Uban ya buga waya cikin fushi yana neman dalili, aka gaya masa motar wa ɗansa ya sata. Sai ya yi tsit. Wannan shirun na babban ɗan daba ya fi duk gawarwakin da suka biyo baya gaya maka wane ne jarumin. Inda ya gaza kuma ƙarshensa ne. Mutumin da ya share gidan rawa shi kaɗai, a ce ya ajiye bindiga ya tsaya dambe da dattijo cikin ruwan sama har dattijon ya soke shi? Ban yarda ba a shagon Alaba, na sake kallo sau biyu a gida ban yarda ba. Na biyu da na uku da na huɗu da suka biyo a 2017 da 2019 da 2023 sun fi shi kuɗi da tsawo, na huɗun ma ya kusa awa uku, amma babu mai wannan shirun a ciki.

Ki ce wa Malam ya jira sai yara sun yi barci, ya kuma duba amsata ta farko ya gyara sautin, kada ƙarar ta tashe su.