Tambaya da Amsa: Tiyar da Na Sayar da Kaka, Ita Na Saya da Damina

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga wani ƙauye gabas da Miriya, shekaruna sun haura sittin. Da kaka na kai hatsi Kasuwar Dole aka sayi tiya dala ɗari. Da damina ta yi tsakiya na koma sayen tiyar nan, sai da na ajiye kusan jikka. Wake kuwa, ƴan Kano da suka saba zuwa mana da mota har ƙofar gida ban gan su ba, an ce gwamnati ta hana fita da shi. To ɗana, don mu aka yi dokar nan ko don mutanen birni?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Dokar gaskiya ce. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ba a rasa dalili ba. Tun da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abinci ya yi tashin gwauron zabo. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin, wadda ta nan shinkafar Kwatano ke shigowa, ba ta buɗe ba. Da shinkafa ta gagari talaka sai kowa ya komo kan hatsi, shi ma ya hau. Gwamnati ta ga in ta bari aka kwashe sabon amfani zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, kwanon gidan kowa zai ji a jika.

A kan wake kam, kuka da gaskiyarku. Mu nan Damagaram ba don tukunya muke noma wake ba, don kuɗi ne, kuma babban mai sayensa Najeriya ce. Mali da Burkina suna can yamma, nesa da mu. Wa zai ɗauki waken Magariya ya ratsa ƙasar nan gaba ɗaya alhali kasuwar Maigatari ta Najeriya na nan kusa? In aka hana mai saye zuwa, dillalin gida shi ke yanka farashi yadda ya so. Da ni za a tambaya, sai in ce a tsare hatsi da dawa, a saki wake.

Amma a kan hatsi, Baba, ku duba wasiƙarku da kanku: sau ɗaya kuka sayar, sau nawa kuka saya? Yawancin manomanmu rumbunsu ba ya kai su sabuwar kaka. Wata huɗu ko biyar a shekara, manomi ma mai saye ne, kamar mai kabu-kabun Zango. Ranar da tiya ta sauko, ku ma kun huta.

Ni ɗan ma'auni ne. A Kasuwar Dole na tashi, ina riƙe wa mahaifina bakin buhu yana zuba tiya yana ƙirga, arba'in buhu ya cika. Abin da na gani da idona shi ne, bayan girbi kowa ke shigowa rana ɗaya, da amalanke da jakuna, kuma kowa da abin da ya koro shi: bashin taki, auren ɗiya, kuɗin magani, wani kuma tun da damina ya ci hatsin wani bisa alkawarin biya da kaka. Mai bukata ba ya ciniki. Na tuna wani dattijo da ya sauke buhu uku, mahaifina ya ce masa, "Malam, mayar da ɗaya gida, za ka neme shi." Ya ce bashi ba ya jira. Watan Yuli sai ga shi da ɗan ƙwarya, tiya biyu ya zo nema. Wannan tun kafin a yi wata doka ne.

Akwai kuma naira, wadda ba ta tambayar Yamai kafin ta faɗi. Tun da ta karye a 2023, Bakano da ya zo sayen ragonku sai ya tara naira mai yawa kafin ta zama sefa kaɗan, don haka yake taya shi da araha. A shekarar kuma aka cire tallafin mai a Najeriya, man kwalba na bakin hanya ya yi tsada, kuɗin mota ya bi shi.

Shawarata ita ce, ku bar hatsi ya zama abu na ƙarshe da zai fita daga gida. In bukata ta taso da kaka, a fara da gyaɗa, ko harawa, ko akuya. Waken kuma kada a zubar da shi don tsoron ƙwari. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, in wake ya bushe sarai aka ɗaure bakin kowace leda daban, zai kai bazara lafiya ba tare da magani ba. In ƙauyenku na da ƙungiyar manoma, ku tambayi tsarin da ake ce wa warantaji: ku tara amfani a magaza ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajenku ɗaya wajen asusun da zai ba ku rance, ku biya bukatar kaka da kuɗin, in farashi ya tashi ku sayar ku biya. Sai dai ku sani, shekarar da farashi ya ƙi tashi, kuɗin ruwa da na ajiya na kanku, don haka kar a kai duka.

In kuma OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar abinci, ta kawo hatsin rangwame a yankinku, ku tura yaro ya bi layi tun da asuba, don ba ya isar kowa.