Ina falsafa, ina gurasar coci?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin falsafa ne. Malaminmu ya ce abin da ya haɗa Dekart, masanin falsafa ɗan Faransa, faɗa da Cocin Katolika ba maganar samuwar Allah ba ce, maganar gurasa ce. Yaya aka yi haka?

Amsa: Malaminka yana da hujja, ɗan'uwa. Gurasar da yake nufi ita ce ta Jibin Ubangiji, wadda Kiristoci ke ci tare da ruwan inabi don tunawa da cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa. Katolika ba su tsaya ga tunawa ba. A aƙidarsu, idan fada, wato limamin coci, ya yi addu'ar tsarkakewa, gurasar ta zama jikin Almasihu a haƙiƙa, ko da yake ido da harshe gurasa suke shaidawa. Babban taron shugabannin Coci na Lateran a 1215 ya yi amfani da kalmar sauyawar zati don bayyana wannan aƙida, taron Tirent kuma ya tabbatar da ita a 1551.

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ba zai sha wuya a nan ba, domin kayan aikin su ne jauhari, wato zatin abu, da aradi, wato siffofin da ke jingine da shi. Toma Akwinas, malamin tauhidin Katolika wanda ya rasu a 1274, ya ari rabe-raben Aristotil ya ce jauharin gurasa ne yake sauyawa, amma aradinta, wato launi da ɗanɗano da nauyi, suna nan, ikon Allah ne ke riƙe da su ba tare da abin da suka jingina da shi ba. Malaman Ash'ariyya da sun ɗaga gira, don a wurinsu aradi ba ya tsayuwa da kansa.

Sai ga Dekart. Shi a ganinsa, jiki ba komai ba ne illa tsawo da faɗi da zurfi. Launi da ɗanɗano ba wasu abubuwa ba ne da ke manne da gurasa, tasiri ne da motsin ƙwayoyinta ke haifarwa a gaɓoɓinmu. To in haka ne, me ya rage bayan zatin ya tafi? Antuwan Arno, masanin tauhidin Kirista a Faris, babban birnin Faransa, shi ya jefa masa wannan tambaya a 1641. Dekart ya amsa cewa fuskar gurasar, iyakar da ke tsakaninta da iska, ita ce ba ta sauya ba, kuma ita gaɓoɓi ke taɓawa. A 1645, cikin wasiƙa zuwa ga wani fada ɗan ƙungiyar Jesuwit mai suna Mesland, ya ƙara zurfi: abincin da ka ci yana zama jikinka ne saboda ya haɗu da ranka, haka ita ma gurasa take zama jikin Almasihu idan ransa ya haɗu da ita. Dabara ce mai kyau, amma a ganina ta kauce wa koyarwar Tirent, domin gurasar ba ta je ko'ina ba. Dekart kansa ya roƙi a yi hattara wajen yaɗa wasiƙar. A 1663, shekara 13 bayan rasuwarsa, hukumar Coci a Roma ta sa littattafansa cikin jerin haramtattu har sai an gyara su.

Rigimar ba ta mutu da shi ba. Laibniz, masanin falsafa Bajamushe, ɗan cocin Lutaran ne, ba Katolika ba, amma ya yi shekaru yana musayar wasiƙu da fada De Bos kan wani "ɗaurin zati" da zai iya bayyana aƙidar sauyawar zati. Hegel kuwa, shi ma masanin falsafa Bajamushe, ba'a ya yi a aji a birnin Balin, kan ɓeran da ya ci tsarkakakkiyar gurasa, har aka kai ƙararsa ga hukuma, ya rubuta kariyar kansa a 1826.

A ƙarni na 20 wasu malaman Katolika, musamman a Holan, sun ce ma'anar gurasar ce ke sauyawa, kamar yadda ƙyalle ke zama tuta. Paparoma Bulus na 6 ya ce a 1965 wannan kaɗai bai wadatar ba. Shi kuma Jan-Luk Mariyon, masanin falsafa ɗan Faransa, a 1982, ya sauya tambayar gaba ɗaya: a daina tambayar mene ne wannan abu, a dube shi a matsayin kyauta, wadda ba mai karɓa ne ke ƙaddara ta ba. Idan za ka shiga batun, fara da muhawarar Arno da Dekart. Gajeriya ce, kuma a can aka ƙulla ƙullin.