Yaro Na Son Zama Malamin Jami'a: A Taɓa Jarin Albasa?

Wani Alhaji mai harkar albasa a Aliero, Jihar Kebbi, ya aiko da tambaya. Babban ɗansa ya gama digirin farko a fannin kasuwanci a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ya yi bautar ƙasa, yanzu ya ce digiri na biyu zai wuce, burinsa ya zama malamin jami'a mai bincike kan kuɗi da ciniki. Shi kuwa Alhaji so ya yi yaron ya zauna ya riƙe masa lissafi. Ya hana shi ne, ko ya ciri kuɗin karatun daga jari?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kada ka hana shi, amma kuma kada ka taɓa uwar kuɗi.

Ka fara sanin irin hanyar da yaron ya ɗauko, don doguwa ce. Mai digiri na biyu yakan shiga aiki a matsayin mataimakin malami, daga nan ya bi matakai har babban malami, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa. Kowane hawa yakan ci shekara uku ko fiye, kuma ba daɗewa kaɗai ake dubawa ba, sai ya nuna binciken da ya wallafa a mujallun ilimi. Idan babu digiri na uku, ba zai yi nisa ba. Albashin farko ba zai kamo abin da kake samu a tirela guda da ta isa Onitsha lafiya a kasuwa mai kyau ba. A 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnati ta riƙe albashi. Malaman da suka ɗan numfasa a lokacin su ne masu gona ko wata sana'a a gefe. Ka faɗa masa wannan da bakinka, ya ji daga wurin mahaifinsa.

Nauyin da ke kanka dai na digiri na biyu ne. Idan Allah ya sa ya samu aiki a jami'ar gwamnati, hukumar TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, tana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai, ko da yake sai an bi layi. Saboda haka ka zaɓar masa kusa, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda zai je ya dawo a mako. Ka ware kaso sananne daga ribar kowace fita, ka ajiye daban da sunan karatunsa. Jarin da za ka cika rudu (rumbun ajiyar albasa) da shi lokacin da albasa ta faɗi warwas a kakarta, shi ne ke ciyar da gidan nan gaba ɗaya, har da shi ɗalibin.

Abin da ya fi min daɗi a tambayarka shi ne, burinka da nasa ba sa karo. Mai binciken kasuwanci alƙaluma yake nema, kai kuma kana zaune a kansu. Buhu nawa ke ruɓewa a rudu kafin damina ta yi nisa? Nauyi nawa albasar ke ragewa? Nawa ke tafiya a la'adar dillali, kuɗin mota da shingayen hanya? Cikin bashin da kake bai wa abokan ciniki na kudu, nawa ke dawowa a kan lokaci? 'Yan kasuwarmu da yawa a ka suke riƙe waɗannan, shi ya sa mutum zai yi shekara yana juya miliyoyi bai san ainihin ribarsa ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Ka sa masa sharaɗi guda: duk ƙarshen wata ya zauna da kai, ya rubuta shiga da fita, ya karanta maka. Ka yanka masa ladan aikin kamar yadda za ka biya bare, ka kuma ba shi izinin yin kundin bincikensa a kan cinikin albasar Aliero, muddin ya sakaya sunayen abokan hulɗarka. Ku fara da lissafin wannan kakar, tun kafin ya sayi fom.