Auren Ƙanwata da Bashin Gidanmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce a Mabera, cikin Sakkwato, kuma tun da Baba ya kwanta jinya albashina ne ke riƙe gidanmu, har na ɗaga aurena sau biyu. Yanzu wani attajiri ɗan babban gida ya fito neman ƙanwata, ya yi alkawarin biyan bashin da ake bin Baba, amma ita zuciyarta tana ga wani saurayi ɗan majema mai ɗinkin fata. Baffanninmu sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, Inna sai kuka, ni kuma an ce in lallashe ta. Na gaji ƙwarai, har nakan ji ina son ta amince. Me zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Gajiyarki ba laifi ba ce, kuma na fi jin tausayinki a kan kowa a cikin wannan wasiƙa, domin ke ce kika jingine rayuwarki ba tare da an tambaye ki ba. Sai dai kada ki yarda a mai da auren ƙanwarki hanyar biyan bashi. Sadaki haƙƙinta ne ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta faɗa, kuma matar da ta shiga gida da sanin cewa kuɗin mijinta ne ya rufa wa iyayenta asiri ba ta iya buɗe baki idan an ƙuntata mata.

Maganar baffanninku al'ada ce, ba hukunci ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka fi dubawa wajen dacewar miji shi ne addininsa da kuɓutarsa daga aibin da ke sa a raba aure, ba sana'ar kakansa ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umurci Faɗimatu bintu Ƙaisi, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu, wanda mahaifinsa 'yantaccen bawa ne. Ina kuma mamakin yadda ake raina majemi a garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna har Turai.

Ban ce attajirin mugu ba ne, ban kuma ce soyayya ita kaɗai tana cika tukunya ba. A binciki saurayin sosai: sallarsa, cinikinsa, da ɗakin da zai ajiye ta.

Ki zauna da ƙanwarki ku biyu, ki gaya mata adadin bashin da yadda nauyin ya danne ki, ki saurare ta ba don ki shawo kanta ba. Daga nan ki nemi kawunku ko limamin unguwa ya tara baffannin, a rubuta bashin, kowa ya ɗauki abin da zai iya a wata, har da ita idan tana sana'a. A zaman nan kuma ki roƙi a tsayar da ranar aurenki.