Mujiya na kuka a rufin ɗakinmu, alamar mutuwa ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina cikin damuwa, kwanakin nan mujiya take zuwa rufin ɗakinmu tana kuka da daddare, ga yarona ba lafiya yana ta zazzaɓi, uwar mijina ta ce wai mutuwa take kira, wallahi bacci ya gagare ni. Da gaske Allah yana aiko saƙo ta bakin tsuntsu?
Maman yara, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya ya kwantar miki da hankali.

Wannan tsoron ba a ƙasar Hausa ya fara ba, Larabawan jahiliyya ma haka suke da mujiya, in ta sauka a gidan mutum sai ya ce shi ke nan ta yi masa shelar mutuwa, to Annabi (SAW) da bakinsa ya kore wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ce babu camfi kuma babu abin da ake jingina wa mujiya. A ruwayar Abu Dawud ma cewa ya yi camfi shirka ne. Maganar ba ƙarama ba ce.

Amma kar ki ɗauka ina cewa babu ayoyi a halitta, akwai su fal. Aya ta 190 a suratu Ali Imrana ta ce halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da rana ayoyi ne ga masu hankali. Aikin aya shi ne ta tuna miki da Mai halitta, ba ta ba ki labarin gaibu. Kin ga ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira an yi husufin rana, mutane suka ce ai saboda rasuwarsa ne, shi kuwa yana cikin zafin rashin ɗa amma bai bar maganar ta wuce ba, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in kun gani ku yi salla ku yi addu'a. To in rana ba ta yi duhu don ɗan Annabi ba, ina ga kukan tsuntsuwa?

Ita mujiya dare ne ranarta, ɓeraye take farauta, kuma tana son silin da ya ɓule ko kango ta yi sheƙa. Ki sa maigida ya duba rufin ya toshe kafar, a rage ɓeran gidan.

Ita kuma Hajiya ki bi ta a hankali, tsoro ne da son jikanta, kar ki yi musu da ita, gara ɗanta ya yi mata bayani.

Abin da ya fi damuna zazzaɓin nan ne. Maleriya tana saurin kayar da ƙananan yara, yau ɗin nan ki kai shi asibiti a yi masa gwajin jini, kar a jira gobe, ki kuma riƙa tofa masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, cikin gidan sauro.