Jiri da amai a jirgin ruwa, ba tare da shan magani ba

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka ƙetare daga Sawakin, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan, zuwa Jidda ba amai. Tushen matsalar shi ne cikin kunne yana jin tangaɗin jirgi, ido kuwa yana ganin bango a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Don haka ka zauna tsakiyar jirgi, inda lilo ya fi sauƙi, ka fuskanci gaba, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Waya kam ajiye ta, karatu yana tayar da zuciya.

Kada ka shiga da yunwa, amma ka guji maiƙo. Busasshen burodi ya isa. Awa ɗaya kafin tashi, sha rabin ƙaramin cokali na garin citta a ruwan ɗumi. Nisanci hayaƙin inji. In jiri ya taso, kwanta rigingine, rufe ido, ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan.